Bayan an kashe majigi, me za mu kaɗa?

Mai_Ogan:

Assalamu alaikum jama'a. Wata magana ce ta hana ni barci kwana biyun nan, na ce bari in kawo ta nan, tunda akwai waɗanda suka riga ni jin wannan kiɗa da shekaru.

Mu biyar ne a ƙungiyarmu. Kowa da aikin da yake ci da shi, kiɗa sai da dare da ƙarshen mako. Ni nake riƙe da ogan da fiyano. Wani ƙaramin gidan silima zai nuna fim ɗin Pompeii na Pink Floyd, ƙungiyar kiɗan rok ta Ingila, wanda aka gyara hotonsa da sautinsa aka sake fitarwa a 2025, sai suka ce mu zo mu yi kiɗa na minti arba'in a daren, don karrama ƙungiyar. Muka amsa da murna. Sai da muka fara bita muka gane mun ɗauko Dala ba gammo. Saura mako biyar.

Ga wanda bai taɓa kallon fim ɗin ba: a watan Oktoban 1971 darakta Adrian Maben ya kai 'yan ƙungiyar su huɗu, David Gilmour mai jita da Roger Waters mai bas da Richard Wright mai ogan da fiyano da Nick Mason mai ganga, tsohon filin wasan Romawa na Pompeii a Italiya, garin da dutsen Vesuvius ya binne da toka a shekara ta 79. Babu ɗan kallo ko ɗaya. Daga su sai tulin lasifikoki da masu ɗaukar hoto da rana. Kyamara tana farawa daga can sama, filin wayam, tana matsowa a hankali a hankali, sai ka ji ɗigon sauti guda, kamar ruwa ya ɗiga a rijiya mai zurfi. Wannan ɗigo shi ne farkon doguwar waƙarsu Echoes, kuma shi ne nawa aikin. Wright ya same shi ne da ya bi da sautin fiyano ta cikin lasifikar Leslie, wadda ke da ƙaho mai juyawa a ciki, shi ya sa sautin yake rawa kamar yana zuwa yana komawa. Ni ba ni da Leslie, wata 'yar na'urar takawa nake da ita da ke kwaikwayonta. Mako uku na yi a kan maɓalli ɗaya tak, ina murɗa nan ina murɗa can, har na kusa kamo shi.

To ga inda rigimar take. Mai jitarmu ya ce mu kaɗa abin da ke cikin fim ɗin daidai wa daida, ba ƙari ba ragi, har wurin da Gilmour yake zaune a ƙasa yana goga guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyi, Wright kuma yana dukan fiyano da tafin hannu. Ya zauna ya rubuta kowane daƙiƙa a takarda. Mai gangarmu ya ce sam. Ya ce mutanen nan za su gama ganin ainihin masu abin a ƙaton allo, da sautin da mawaƙi Steven Wilson ya sake haɗawa, sannan mu fito mu biyar mu maimaita musu? Ya ce wa zai bar rana ya kalli fitila.

Ni ina tsakiya, kuma abin da ya ƙara rikita ni ya faru ne ranar Asabar. Mun kaɗa rabin farko na Echoes yadda yake a takarda, babu kuskure ko ɗaya, muka gama kowa ya yi shiru. Daidai ne, amma ba rai. Da muka sake ɗauka, ashe gwiwata ta taɓa na'urar amsa-kuwwa, maimaicin ya koma yana zuwa a makare. Maimakon mai ganga ya tsaya, sai ya bi amsa-kuwwar ya bar bugun asali. Mai bas ya bi shi. Muka yi minti goma sha biyu a wani wuri da ba ya cikin takarda, ba ya cikin fim, har tsigar jikina tana tashi. Da muka tsaya mai jita ya ce ya yi daɗi, amma ba Pink Floyd ba ne, kuma ba shi aka gayyace mu mu yi ba. Ban iya ce masa ƙarya yake ba.

Tambayata biyu ce. Kiɗan da asalinsa gwaji ne, ana karrama shi da kwaikwayo ko da sabon gwaji? Sannan mu fara kafin fim, ko mu bari sai an gama?

Sadauki:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ni ina bayan mai jitarku, kuma ba zan ɓoye ba. Mutane sun ɗauka kwaikwayo aikin malalata ne, alhali ya fi ƙirƙira nan take wuya sau goma. Kai da kanka ka ce mako uku ka yi a kan ɗigo ɗaya.

Rabon da mutum huɗun nan su hau dandamali tare tun Yulin 2005 a Landan, Wright kuma ya rasu a 2008. An rufe wannan babi. Wanda ya zo daren nan yana so ya ji, ko sau ɗaya a rayuwarsa, yadda wannan kiɗa yake idan hannun mutum ne ke fitar da shi a gabansa. Fim ba ya ba ka wannan. Wurin da Waters yake dukan ƙaton faifan tagulla, rana na bayansa, a silima da kunne kake jin sa. In aka doki na gaske taku goma daga inda kake zaune, a ƙirji za ka ji shi. Akwai ƙungiyar Ostireliya da ke kwaikwayon Pink Floyd tun 1988, kuma Gilmour da kansa ya gayyace su suka yi wasa a bikin cikarsa shekara hamsin a 1996. Da kwaikwayo cin fuska ne da bai kira su ba. Ku yi abin da aka kira ku ku yi. Minti goma sha biyun nan naku ku ajiye shi zuwa ranar da sunanku ne a jikin tikiti.

Tsohon_Faifai:

Yarona Mai_Ogan, na karanta bayaninka sau biyu. Bari in ba ka labarin wani dare da na halarta, wataƙila ka tsinci wani abu a ciki.

A watan Afrilun 2017 aka yi taron karrama ƙungiyar Can a zauren Barbican da ke Landan. Can Jamusawa ne, a Kolon suka kafu a 1968, kuma in ana maganar kiɗan rok na gwaji ba a tsallake su. Biyu daga cikinsu, Irmin Schmidt da Holger Czukay, duk sun yi karatu a wurin Stockhausen, fitaccen mai tsara kiɗan gwaji na Jamus. Yadda suke aiki shi ne su shiga ɗaki su yi ta kiɗa awa da awanni ba tare da an tsara komai ba, tef yana juyawa, daga baya Czukay ya zauna ya yanka ya liƙa har waƙa ta fito. Yoo Doo Right da ke faifansu na farko minti ashirin ce, amma daga zaman awa shida aka tsamo ta. To ka gaya mini, wanda ya ce zai kwaikwayi wannan daidai wa daida, me yake kwaikwayo? Kiɗan, ko almakashin?

Daren ya kasu uku. Da farko Schmidt ya jagoranci makaɗan London Symphony, suka kaɗa wani aiki da ya gina da guntayen karin waƙoƙin Can. Sannan aka nuna fim ɗin wasan kyauta da Can suka yi a zauren wasanni na Kolon a Fabrairun 1972. Daga ƙarshe Thurston Moore, mai jitar ƙungiyar Sonic Youth ta Amurka, ya fito da tawagarsa. An so Jaki Liebezeit, mai gangar Can, ya yi wasa a daren, sai ya rasu a watan Janairu, wata uku kafin ranar. Mutum biyu aka zaunar a kan ganguna. Na daɗe ina tunanin wannan: ba su nemo wani ya zama Jaki ba, domin babu shi. Bugunsa kamar inji yake, ba ya gaba ba ya baya, amma yana numfashi. Czukay ma ya bi shi a Satumbar shekarar.

Ga abin da nake so ka riƙe. A cikin fim ɗin, mawaƙin da ke tsalle da dogon gashi Damo Suzuki ne, Bajapanen da suka tsinta yana waƙa a titin Munich a 1970. A kan dandamali kuwa, wanda ya riƙe makirfo Malcolm Mooney ne, Ba'amurken da ya fara yi musu waƙa kafin Damo, ya dawo da furfurarsa yana rera waƙoƙin zamaninsa. Fim ya ba mu Can ɗaya, dandamali ya ba mu wata Can ɗin. Ba wanda ya taka sawun wani. Ko sau ɗaya ban zauna ina auna mai jitar da ke gabana da Michael Karoli, mai jitar Can na cikin fim ba, saboda ba abu ɗaya suke kaɗawa ba. Da a ce sun fito sun maimaita abin da muka gama gani, da awon ya zama dole, kuma mai rai ba ya cin matashin da ke cikin fim a wannan awo. Na cikin fim ba ya tsufa, ba ya kuskure sabo, kuskurensa ma mun haddace shi mun so shi.

Saboda haka ni ban ce Sadauki ya yi kuskure ba, ban kuma ce mai gangarku ya gama magana ba. Na ce kada ku kaɗa abin da fim ɗin ya riga ya kaɗa. Pink Floyd na 1971 suna da kayan da ba su shiga fim ɗin ba. Waƙarsu Fat Old Sun a faifan 1970 'yar gajeriya ce, amma a wasanninsu na wancan lokaci sukan ja ta har kusan minti goma sha biyar, ogan yana yawo a tsakiya. Ga filinka nan.

Game da gwiwarka da ta taɓa na'ura, ka gaya wa mai jitarku wannan. Kukan tsuntsayen teku da ke tsakiyar Echoes, wanda na tabbata ya rubuta shi a takardarsa, daga kuskure ya samo asali: an juya wayoyin na'urar takawa ta jita, ta shiga ta zama ta fita, sai jitar ta fara ihu, Gilmour ya ji ya ce a bar shi haka. Waƙar ma gaba ɗaya daga tarin guntayen gwaji aka harhaɗa ta, waɗanda suka raɗa wa suna Nothing, wato babu komai. Abin da ya same ku ranar Asabar ba baƙo ba ne a gidan.

Mai_Ogan:

Baba, Allah ya ƙara girma. Na tura wa sauran maganarka kamar yadda take. Batun Fat Old Sun bai taɓa zuwa mini ba.

Mai_Majigi:

Ƙanena, ni ba zan shiga gardamar kwaikwayo ba, na bar wa su Baba. Aikina majigi da sauti ne, na kuma yi irin wannan dare ba sau ɗaya ba, don haka bari in gaya maka abin da ke kashe shi tun kafin a kaɗa komai.

Ɗakin silima an gina shi ne don ya haɗiye amo. Bango da kujeru da labule duk suna shanye sauti, saboda maganar cikin fim ta fito tas. Kiɗan da kuke so ku yi kuwa da amsa-kuwwa yake rayuwa. Ɗigon nan naka da ka yi mako uku kana gyarawa a ɗakin bita, in ka buga shi a can zai faɗi ƙasa tim kamar dutse a yashi. Ku roƙi awa biyu a ɗakin kafin ranar, ka sake murɗa na'urarka a wurin. Kuma kada ku yarda a bi da kiɗanku ta lasifikokin silima. Suna bayan allo ne, wato suna bayanku, makirfo zai riƙa kama su yana kuka, ganga kuma tana iya lalata su. Ku zo da naku.

Ku yi wasa bayan fim, ba kafinsa ba. Amma ku jera komai tun kafin a buɗe ƙofa, ku rufe da baƙin ƙyalle don kada ƙarfen ganguna ya riƙa walƙiya a idon masu kallo, amfilifaya a kunne, sauti a kashe. Na ga daren da aka ɗauki minti ashirin da biyar ana jan waya bayan fim, fitilu a kunne, kafin a fara rabin ɗakin ya watse. Sannan ka tuna kunnen da ya sha kusan awa ɗaya da rabi na ƙara ya gaji. In kuka fara da ƙarfi ba za a ji ku ba, sai dai a jure ku. Ku fara ƙasa-ƙasa.

In wani ya kawo shawarar ku kaɗa tare da hoton yana tafiya a allo, ku ƙi, sai fa in mai gangarku ya saba da jin ƙararrawar ƙidayar bugu a cikin kunnensa. Fim hoto 24 yake tafiya a daƙiƙa ɗaya, ba ya jiran kowa. Sauti kuma mita 343 yake ci a daƙiƙa, don haka na kujerar baya a ɗaki mai tsawon mita 30 yana jin ku a makare da kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ido kuwa yana kama wannan. Ana yi, ba a ce ba a yi ba: Dweezil Zappa ya yi wasanni inda hoton mahaifinsa, mawaƙi Frank Zappa, yake kaɗa jita a allo, ƙungiya tana bin sa a dandamali. Amma ka dubi wahalar da rashin daidaituwar hoto da sauti ta jawo wa gidan nasu. Wasannin da Frank Zappa ya yi a zauren Roxy na Los Angeles an ɗauke su a Disambar 1973, matsalar na'ura ta sa sauti da hoto suka saɓa, fim ɗin bai fito ba sai 2015.

Abu na ƙarshe, ka tambayi masu silimar a rubuce: izinin nuna fim daban, izinin kaɗa waƙoƙin wasu a bainar jama'a daban. Kada ka ɗauka na farko ya rufe na biyu.

Ummi_Bas:

Ƙari kaɗan a kan maganar Anti Mai_Majigi ta farawa ƙasa-ƙasa. Ku kalli yadda fim ɗin Stop Making Sense na ƙungiyar Talking Heads ya buɗe, wanda Jonathan Demme ya ɗauka a Disambar 1983. David Byrne ne ke fitowa shi kaɗai da jita da rediyon kaset a dandamali wayam, sai Tina Weymouth ta shigo da bas a waƙa ta biyu, sai mai ganga, a haka a haka har dandamali ya cika. Da aka sake fitar da shi a 2023 mutane tashi suka riƙa yi suna rawa a cikin silima. Ku shigo ɗaya bayan ɗaya, kunne zai bi ku.

Malam Sadauki kuma, da girmamawa, ka saurari yadda Angélique Kidjo ta sake kaɗa faifan Remain in Light na Talking Heads gaba ɗayansa a 2018. Ba ta kwaikwayi ko layi ɗaya yadda yake ba, ta mayar da shi wajen kiɗan Afirka ta Yamma da Talking Heads suka sha daga gare shi, na Fela musamman. Ban san karramawar da ta fi wannan ba.

Sadauki:

Na saurara, ƙanwata, kuma ya yi kyau. Amma ita Kidjo ce, da sunanta aka sayi faifan. Ina nan a kan bakana game da faifan tagulla dai. Mai_Ogan, ko me za ku yi, ku nemo shi ku doka.

Mai_Ogan:

Jama'a, an yi daren jiya. Na ce ba zan kwanta yau ba sai na dawo na ba ku labari, tunda da ku aka yi.

Anti Mai_Majigi, duk abin da kika faɗa haka ya kasance. Ranar da muka je gwada ɗakin na buga ɗigon, ya mutu a gabana kafin ya kai kujerar layi na uku. Sai da na ninka tsawon amsa-kuwwar. Mun rufe kaya da baƙin ƙyalle, mun zauna a layin gaba muka kalli fim ɗin tare da kowa. Na kalle shi ya fi sau talatin a waya da kwamfuta, amma ban taɓa ganin ƙurar da ke kan lasifikokin ba sai jiya. Wurin da sandar ganga ta kuɓuce wa Mason a One of These Days ya zaro wata bai rasa bugu ba, ɗakin gaba ɗaya ya yi tafi, mai gangarmu ya damƙe hannuna.

Matsala ɗaya aka samu. Mun yi da masu ɗakin cewa in sunayen ƙarshe suka gama wucewa a bar duhu, sai wani ya kunna fitilu duka, mutane suka fara miƙewa suna neman jakunkunansu. Ban jira an kashe ba. Na lallaɓa na yaye ƙyallen, na danna maɓallin nan guda. Na jira ya gama yawo ya dawo, na sake dannawa. A na uku wata mata da ta riga ta kai bakin ƙofa ta juyo ta zauna a kan matakala. A na biyar aka kashe fitilun.

Ɗigon kaɗai muka ɗauka daga Echoes. Mai bas ya shigo bayan minti biyu, sai mai ganga da tafin hannu ba sanda, sai jita ta biyu, kamar yadda Ummi ta ce. Mai jitarmu shi ne na ƙarshe, kuma ya shigo ne da wayoyinsa a juye, da kukan tsuntsayen nan, shi da kansa ya zaɓi haka bayan ya karanta maganar Baba. Muka yi wajen minti ashirin ba takarda. Daga nan muka gangara cikin Fat Old Sun, baitocin yadda suke a faifai, kalma da kalma, nan ya samu abin da yake so, tsakiyar kuma aka sakar mini. Malam Sadauki, mun aro faifan tagulla, bai kai na Waters girma ba, amma da shi muka rufe. Gaskiyarka ne. Na ji shi a haƙarƙarina, na kuma ga mutanen layin gaba sun ja baya a kujerunsu.

Ba kowa ya gamsu ba. Wani dattijo ya same ni ina naɗe waya ya ce ya zo ne ya ji rabin Echoes na biyu da hannun mutane, ba mu ba shi ba. Na ba shi haƙuri, kuma har yanzu maganarsa tana raina, don na ga da gaske yake.

Na ajiye waya a kan ogan ta ɗauki komai. Da safen nan na saurara. Daga minti na goma sha huɗu zuwa na goma sha shida akwai wani wuri da ogan da jita suka haɗu suka zama murya ɗaya, ba ka iya raba su, kuma na tambayi kowa, ba wanda ya tuna abin da hannunsa yake yi a lokacin. Mai jita ya ce in turo masa zai zauna ya rubuta shi a takarda mu koya. Mai ganga ya ce kada in tura. Za mu haɗu ranar Asabar.